Faifan Dainamik da Ya Ƙi Buɗuwa: Nazarin Musabbabi da Matakan Ceto Bayanai a Manhajar Windows

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazari a kan matsalar da kan taso idan manhajar Windows ta kasa buɗe faifan ajiya nau'in dainamik, ta liƙa masa laƙabin Invalid ko wani makamancinsa. An bayyana yadda irin wannan faifai yake adana tsarin rabonsa da abin da kowane laƙabi ke nufi, sannan aka kawo matakan gyara, tun daga wanda ba ya taɓa faifan har zuwa wanda ke yin rubutu a kansa. Maƙalar ta nuna cewa sau da yawa fayilolin suna nan lafiya, kundin da ke nuna inda suke ne Windows ta kasa karantawa, kuma a wajen gyara ne asarar gaske ta fi aukuwa.

1.0 Gabatarwa

A ɗauka kwamfutar tebur ta wani ofishi ta daina tashi bayan wutar lantarki ta dawo da ƙarfi. A cikinta akwai faifai na biyu da aka ware don ajiya, wanda ke ɗauke da sakamakon jarrabawa na shekaru da kundayen bincike da hotuna. Mai gyara ya ciro faifan, ya saka shi a akwatin USB, ya jona shi da ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka. Faifan yana juyawa, fitilarsa tana haske, amma bai bayyana a jerin ma'ajiyoyi ba. Da aka buɗe Disk Management, wato sashen Windows mai kula da faya-fayai, sai ga shi an rubuta masa Dynamic, a ƙasa kuma Invalid. Da aka danna shi da madannin dama na linzami, sai Windows ta miƙo zaɓin Convert to Basic Disk.

A daidai wannan gaɓa ake rasa bayanai. Zaɓin ya yi kama da magani, alhali aikinsa shi ne share tsarin rabon faifan baki ɗaya. Windows takan yi gargaɗi kafin ta aiwatar, sai dai wanda ya ƙagu ya ga fayilolinsa ba kasafai yake tsayawa karanta gargaɗi ba. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace abin da ke faruwa a cikin faifan, domin mai gyara ya san matakin da zai fara da shi da wanda zai bari sai ƙarshe.

2.0 Bambancin Faifan Gama-gari da na Dainamik

Windows tana tsara faifai ta hanya biyu. Ta farko ita ce wadda take kira Basic, wadda a nan za a kira faifan gama-gari. A tsohon tsarin MBR, bayanin rabon irin wannan faifai yana cikin sekta ta farko, mai girman bayit 512. Jadawalin rabo yana farawa daga bayit na 446, yana da gurabe huɗu, kowane gurbi bayit 16. Wannan ne dalilin da ya sa faifan MBR ba ya ɗaukar manyan yankuna fiye da huɗu. Duk wata babbar manhaja ta san wannan jadawali, don haka faifan gama-gari yana buɗuwa a kusan kowace kwamfuta.

Hanya ta biyu ta zo ne da Windows 2000, ƙarƙashin wani tsari mai suna Logical Disk Manager, ko LDM a taƙaice, wanda Microsoft ta samar tare da kamfanin Veritas. A nan an ɗauke bayanin rabo daga jadawalin nan na gurabe huɗu, an mayar da shi wani kundi na musamman mai girman megabayit ɗaya. A faifan MBR kundin yana zaune a megabayit na ƙarshe na faifan, a faifan GPT kuwa an ware masa ƙaramin yanki nasa. Abin da aka bari a tsohon jadawali shi ne lambar nau'i 42, a lissafin hekza, wadda ke shaida wa sauran manhajoji cewa wannan fili yana da mai shi. Akwai kuma wani ɗan taƙaitaccen bayani a sekta ta 6 ta faifan MBR da ke nuna inda kundin yake, tare da kwafinsa a can ƙarshen faifai.

Ana iya kwatanta lamarin da unguwar da aka yanka fulotai. Gidaje suna tsaye, mutane suna ciki, amma iyakokin kowane gida suna rubuce a littafi ɗaya tak. Ranar da littafin ya jiƙe, ko aka miƙa shi ga wanda bai iya karanta rubutun ba, ba a rushe ko katanga ɗaya ba, sai dai ba mai iya nuna inda gidan wane ya fara ko inda ya ƙare.

Amfanin wannan tsari shi ne ya ba da damar gina rumbunan ajiya da jadawalin gama-gari ba zai iya bayyanawa ba. Akwai rumbu sassauƙa da ke kan faifai ɗaya. Akwai miƙaƙƙe, wanda ke haɗa fili daga faya-fayai da dama, har zuwa 32, ya mayar da su ma'aji ɗaya. Akwai mai tsiri, wanda ke rarraba bayani gutsure-gutsure na kilobayit 64 a tsakanin faya-fayai domin sauri. Akwai mai madubi, wanda ke ajiye kwafi iri ɗaya a faifai biyu, sai kuma RAID-5 da ke buƙatar aƙalla faifai uku, wanda Windows ta sabar ce kawai ke gina shi. Sanin nau'in rumbun da ke kan faifan yana da muhimmanci ƙwarai, domin shi ke yanke hukuncin dabarar da za ta yi aiki. Haka kuma, duk faya-fayan dainamik da ke kwamfuta ɗaya suna zama rukuni guda, kuma kowannensu yana riƙe da kwafin kundin rukunin gaba ɗaya.

Abin lura shi ne mutane da yawa ba su zaɓi wannan tsari da saninsu ba. A zamanin Windows 7 kwamfutocin tafi-da-gidanka da dama sun fito daga kamfani da gurabe huɗun nan a cike. Idan mai kwamfuta ya so yanka yanki na biyar, alal misali don ware wa karatu wuri daban, sai Windows mai goyon bayan tsarin ta tambaye shi ko ya yarda a mayar da faifan dainamik. Da ya danna Yes shi ke nan, kuma ba zai ga wani bambanci ba sai ranar da ya sake ɗora Windows ko ya kai faifan wata kwamfutar.

3.0 Laƙabobin da Windows Ke Bayarwa

Ba duk faifan da ya ƙi buɗuwa ne ke fama da ciwo ɗaya ba, kuma laƙabin da ke jikinsa a Disk Management shi ne bayanin farko da mai gyara zai samu.

Foreign shi ne mafi sauƙi. Yana nufin Windows ta karanta kundin lafiya lau, ta dai ga cewa faifan ɗan wani rukuni ne, wato daga wata kwamfuta ya zo ko an sake ɗora Windows. Offline na nufin an san faifan amma ba ya aiki a halin yanzu. Missing kuwa suna ne a rajista ba tare da mai sunan ba: kundin da ke kan sauran faya-fayai ya ambaci wani faifai, amma ba a same shi a jone ba. Unreadable ya fi tayar da hankali, domin yakan nuna cewa karatun faifan kansa ne ke cin tura, ko da yake wani lokaci faifan da bai gama tashi ba ma yakan nuna hakan na ɗan lokaci.

Invalid yana da musabbabi iri biyu mabambanta, kuma rashin rarrabe su ne ke jawo ɓarna. Na farko ba laifin faifan ba ne ko kaɗan. Wasu nau'o'in Windows na gida, wato masu sunan Home, kamar XP Home, ba su goyon bayan faifan dainamik. Suna ganin lambar 42, su gane nau'in faifan, amma ba su iya buɗe shi. Haka nan Microsoft ba ta tanadi tsarin don faifan da ake jonawa ta USB ba. Daɗin daɗawa, wasu akwatunan USB sukan gabatar da faifai mai sekta bayit 512 a matsayin mai sekta bayit 4096, wanda ke sa duk lissafin wuraren da ke rubuce a faifan ya kauce. A misalin da aka kawo a gabatarwa, akwai yiwuwar an haɗa waɗannan matsaloli duka a lokaci guda, alhali faifan lafiyarsa ƙalau.

Na biyu shi ne lalacewar kundin da gaske. Wuta tana iya ɗaukewa a lokacin da Windows ke rubutu a cikinsa, abin da ba baƙo ba ne a wuraren da ake sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareta sau da yawa a rana. Sektocin ƙarshen faifai suna iya lalacewa. Wata manhajar raba faifai da ba ta san LDM ba tana iya ɗaukar megabayit na ƙarshe a matsayin fili maras amfani ta yi rubutu a kai, kuma wasu tsare-tsaren RAID na uwar allon kwamfuta su ma a ƙarshen faifai suke ajiye nasu bayanin.

4.0 Matakan Gyara

4.1 Duba Lafiyar Faifai da Ɗaukar Kwafi

Kafin komai, a tabbatar faifan kansa yana da lafiya. Idan yana ƙara ƙas-ƙas, ko yana ɓacewa yana dawowa, a sauya waya da mahaɗa a gwada sau ɗaya. Idan bai daina ba a kashe shi, domin kowane juyi yana ƙara masa rauni. Idan yana juyawa lami lafiya, a duba rahoton SMART da manhaja irin CrystalDiskInfo, musamman ma'auni na 5, wato adadin sektocin da aka maye gurbinsu, da na 197, wato waɗanda ake shakkar lafiyarsu. Duk adadin da ya wuce sifili a nan dalili ne na yin taka-tsantsan.

Daga nan sai a ɗauki kwafin faifan sekta bayan sekta zuwa wani faifan, a ci gaba da duk gwaje-gwaje a kan kwafin. Manhajar GNU ddrescue da ke aiki a Linux ta dace da wannan, domin tana tsallake wuraren da suka lalace ta fara kwashe masu kyau, sannan ta dawo ta sake gwadawa. Sunan faifan asali ake fara rubutawa a umarninta, sannan na wanda za a zuba wa, kuma wanda ya juya su ya shafe abin da ya zo ceto. Akwai wani tarko da ya keɓanta da faifan dainamik: faifai biyu da aka rubuta wa terabayit ɗaya ba lallai adadin sektocinsu ya zo daidai ba. Idan na kwafin ya gaza ko da kaɗan ne, abin da zai yanke shi ne wutsiyar faifan, wato daidai inda kundin yake. Saboda haka gara a nemi wanda ya fi girma. Bayan an gama, a cire na asalin a ajiye, kada a jona su tare a Windows, domin lambar shaidarsu ɗaya ce.

Gaskiya ne wannan mataki yana cin kuɗin sabon faifai da sa'o'i masu yawa, shi ya sa ake yawan tsallake shi. Idan SMART ta nuna lafiya, ana iya jinkirta shi har a gwada matakai biyu masu zuwa. Abin da bai kamata ba shi ne a shiga sashe na 4.4 babu kwafi a hannu.

4.2 Mayar da Faifan Inda Ake Gane Shi

A ciro faifan daga akwatin USB a jona shi kai tsaye da wayar SATA a cikin kwamfutar tebur mai Windows nau'in Pro ko Enterprise ko ta sabar. Idan matsalar ta nau'in farko ce, laƙabin zai sauya daga Invalid zuwa Foreign. Sai a danna faifan da madannin dama a zaɓi Import Foreign Disks. Kafin ta kammala, Windows za ta nuna jerin rumbunan da ta gani da halin kowanne. Idan ta rubuta Data incomplete, ma'anarsa rumbun ya ratsa wani faifan da ba a kawo ba, don haka a dakata a nemo sauran 'yan rukunin a jona su duka a shigar da su tare. Idan laƙabin Offline ne ko Missing, a gyara waya, a zaɓi Rescan Disks, sannan Reactivate Disk. Kada a zaɓi Remove Disk a kan faifan da aka ce Missing matuƙar ana sa ran dawowarsa, domin hakan goge sunansa ne daga kundi.

Ana iya yin wannan aiki da umarnin diskpart: list disk, sai select disk tare da lambar faifan, sai online disk ko import. Sai dai a cikin diskpart ɗin ne umarnin clean yake, wanda ke share tsarin rabo nan take ba tare da tambaya ba, kuma shawarwari da dama da ke yawo a intanet da shi suke farawa, domin an rubuta su ne ga wanda faifan yake so ya dawo da shi aiki, bai damu da abin da ke ciki ba.

4.3 Karantawa ta Linux

Idan babu Windows nau'in Pro a kusa, ko ita ma ta ce Invalid, Linux tana da nata makarancin kundin LDM, kuma wani lokaci yakan karanta abin da Windows ta ƙi. Ana tayar da kwamfuta da Ubuntu ko makamanciyarta daga filashi ba tare da an ɗora ta ba, a girka ƙaramar manhajar ldmtool. Umarnin ldmtool scan yana nuna rukunan da aka gano, ldmtool create all kuma yana buɗe rumbunan a ƙarƙashin /dev/mapper. A ɗora su a yanayin karatu kawai, a kwashe fayiloli zuwa wani faifai. Fifikon wannan hanya shi ne tana iya harhaɗa rumbu miƙaƙƙe da mai tsiri idan duk faya-fayan suna nan, kuma ba ta rubuta komai a kundin.

4.4 Sake Gina Jadawalin Rabo

Idan kundin ya lalace har ba mai iya karanta shi, sai a koma neman iyakokin gidajen daga jikin katangunsu. Kowane rumbun NTFS yana da sektar farko mai bayyana girmansa, da kwafinta a sektarsa ta ƙarshe. Manhajar TestDisk ta Christophe Grenier, wadda kyauta ce, tana bin faifai tana neman waɗannan alamomi. Bayan an zaɓi faifai da nau'in jadawali, Intel ga MBR ko EFI GPT, sai Analyse, sai Quick Search, idan bai wadatar ba a yi Deeper Search. A kan kowane yankin da ta gano, danna harafin P yana nuna foldoji da fayilolin da ke ciki, kuma daga nan ana iya kwafe su zuwa wani faifai. Wannan kwafewa ita ce ta fi dacewa a fara yi. Zaɓin Write, wanda ke rubuta sabon jadawalin gama-gari, sai bayan fayiloli sun isa tudun mun tsira.

Dabarar tana da iyaka. Tana aiki ne ga rumbu sassauƙa da ke shimfiɗe a wuri ɗaya, da kuma rumbu mai madubi, tunda kowane faifai yana da cikakken kwafi. Rumbu sassauƙan da aka taɓa faɗaɗawa zuwa wani filin da ba ya maƙwabtaka da shi ya zama gida biyu a unguwa daban-daban, kuma jadawalin gama-gari ba shi da hanyar bayyana hakan. Mai tsiri kuwa rabin kowane babban fayil yana wani faifan, don haka faifai ɗaya shi kaɗai ba ya ba da komai.

Akwai wata dabara da ta shahara a tsakanin masu gyara, wato buɗe sekta ta farko da manhajar gyaran hekza a sauya lambar 42 zuwa 07, lambar yankin NTFS na gama-gari. Lambar gurbi na farko tana a matsayi na 1C2, na biyu 1D2, na uku 1E2, na huɗu 1F2. Dabarar ta yi suna ne a zamanin XP, lokacin da yankin farko ke farawa a sekta ta 63, daidai inda gurbin mai lamba 42 ke nunawa. Daga Windows Vista aka koma fara rumbu a sekta ta 2048, kuma faifan ajiya yakan kasance da gurbi ɗaya tak mai lamba 42 da ya lulluɓe faifan duka, komai yawan rumbunan da ke ciki. Sauya lambar a irin wannan hali yakan haifar da yankin da Windows za ta kira RAW, ta kuma nemi a yi masa fomat. A faifan GPT kuwa dabarar ba ta da wurin zama sam. Wanda ya gwada ta ya ga haka, ya mayar da 42 inda take, kada ya amsa tayin fomat, kuma kada ya saki chkdsk a kan yankin da iyakarsa ba daidai take ba, domin gyaran da zai yi rubutu ne a kan lissafin da ya kauce.

5.0 Idan An Riga An Danna

Wanda ya riga ya zaɓi Convert to Basic Disk, ko ya ba da umarnin clean, bai kai ga yanke ƙauna ba. Abin da aka share bayanin rabo ne, rumbunan NTFS suna nan a inda suke, kuma TestDisk takan gano su matuƙar ba a yanka sabon yanki an zuba wani abu a kai ba. Fomat na gaggawa a faifai mai juyawa ma yakan bar galibin bayanai, sai dai a nan sunayen fayiloli na iya ɓacewa, a koma ga PhotoRec, abokiyar tafiyar TestDisk, wadda ke tsinto fayiloli ta siffarsu ta ba su lambobi a maimakon suna. Abin da ba ya da magani shi ne clean all da cikakken fomat, wanda tun daga Vista yake rubuta sifili a kowace sekta. A faifan SSD kuma ko fomat na gaggawa yana iya zama na ƙarshe, saboda umarnin TRIM da ke sanar da faifan cewa ya yi watsi da abin da ke wurin.

6.0 Mayar da Faifan Gama-gari

Bayan an kwashe fayiloli, a buɗe wasu daga cikinsu a tabbatar suna aiki, musamman manya, domin ganin suna a jeri bai isa shaida ba. Daga nan ne zaɓin da aka yi ta gudu ya zama halal: a goge rumbunan ɗaya bayan ɗaya, a zaɓi Convert to Basic Disk, ko a rubuta convert basic a diskpart, wanda ba ya aiki sai faifan ya zama fanko. Idan kwamfutar tana goyon baya, a mayar da shi GPT, inda Windows ke ba da damar yankuna har 128, don haka buƙatar yanki na biyar ba za ta sake kai mutum ga tsarin dainamik ba.

Microsoft da kanta ta sanya faifan dainamik a jerin abubuwan da ta daina bunƙasawa, tana ba da shawarar faifan gama-gari, ko Storage Spaces da ya zo da Windows 8 da Windows Server 2012 ga mai son haɗa faya-fayai. Shi ma wannan sabon tsari yana da nasa kundin da Windows 7 da waɗanda suka gabace ta ba su iya karantawa, don haka ofishin da zai koma kansa ya rubuta a takarda ya liƙa a jikin kwamfutar: faya-fayai nawa ne a rukunin, wane irin rumbu ne, kuma da wace Windows aka gina shi.